Kara a Kan Allon Ces

Ranar Litinin da hantsi suka kawo takardar wasan shagona. Su uku ne. Jibrilla a gaba, shi ne sakataren ƙungiyarmu ta masu wasan ces, wato darar Turawa, ma'aikacin gwamnati, ɗan cikin garin Yola. Bayansa Mu'tasim, wanda aka ce shi ya ci. Can baya Hosea, wanda aka ce an ci. Na dube su. Wanda ya ci ba fara'a. Wanda aka ci kuwa fuskarsa wasai, kamar wanda ya sauke kaya.

Tun nan abin bai yi mini ba.

Ni kafinta ne a Alkalawa. Shekarata saba'in da shida. Aji biyu na yi a boko aka cire ni. Ces kuwa wani likita Basudane ne ya koya mini sa'ad da nake yi masa tagogi. Duk wanda ya iya ɗaga doki a Jimeta, ko ni na koya masa, ko wanda na koya wa. Shi ya sa hatimin ƙungiya yake hannuna. Ba sunan da ke fita sai na buga shi.

Bana mutum ɗaya za mu tura gasar ƙasa a Abuja. Wata makaranta a nan Jimeta kuma ta ce duk wanda ya je, za ta ɗauke shi malamin ces. Aka yi mako uku ana fitar da gwani. Wasan ƙarshe ya faɗo ranar Asabar tsakanin Hosea da Mu'tasim, makinsu daidai. Jibrilla ne na uku, can nesa da su. Ni ban je ba, ƙafata ta kumbura. Sunan kuwa dole ya tafi kafin ƙarfe huɗu na ranar Litinin ɗin.

"Bappa, hatimi kawai," in ji Jibrilla. "Na baro ofis ba izini."

"Ofishin naku yaushe ya fara neman izini?"

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

"A shimfiɗa allo," na ce.

Ina da ƙa'ida. Ba na buga hatimi a kan wasan da ban gani ba. Rubutun da suke yi na haruffa da lambobi ba na karanta shi, amma kunnena ya san gidajen allo duka sittin da huɗu. Wanda aka ci shi ke karantawa, ni ina tura 'ya'yan da hannuna. In na tsaya na ce me ya sa, mai takun ya faɗi dalili. Dalilin banza ma ina karɓa, in zagi mutum mu wuce. Shiru ne ba na karɓa.

Kada a ɗauka 'yan koyo ne. Su biyun sunansu na cikin jerin ƙasa, Hosea da maki dubu da ɗari tara da 'yan kai, Mu'tasim ƙasa da shi kaɗan. Ba sana'arsu ba ce. Hosea keke napep yake ja. Mu'tasim yana da shagon gyaran waya.

Mu'tasim ya share garin katako daga kan teburin aiki, ya jera 'ya'yan. Hosea ne da farare. Ya buɗe takarda ya fara karantawa, ina takawa.

Taku goma sha bakwai na farko tsaf suke. Hosea ya kafa doki a tsakiyar allo kamar turke. Mu'tasim ya takure, amma bai karye ba, ya haɗa sorayensa biyu, 'ya'yan nan masu tafiya a miƙe, a layi ɗaya yana jira. Har na fara jin daɗi. Na ce a raina, yaran nan sun ji magana.

"Sha takwas," Hosea ya karanta. Muryarsa ta yi ƙasa. "Giwa zuwa g biyar."

Giwa ita ce mai tafiya a karkace, wadda yaran yanzu ke kira bishof. Na ɗauke ta na ajiye inda ya ce. Ga sojan Mu'tasim a gefe yana kallonta. Ba mai kare ta.

"Sake karantawa."

Ya sake. Haka ne.

"Me ya sa?"

"Ban ga sojan ba, Baba."

"Sojan da ke tsaye a nan tun taku na tara."

"Zafi ne. Fanka ta mutu a ɗakin."

Na ce to. Mutum yakan makance. Ni ma ta taɓa samuna, sau ɗaya, lokacin ana Jihar Gongola. Na kai hannu zan ci giwar da sojan tun ba a karanta ba, don ba abin da mai hankali zai yi sai haka.

"Baba, ba haka ya taka ba," in ji Hosea.

"Yaya ya taka?"

"Sarki zuwa h takwas."

Na tura sarkin kusurwa. Ba wanda ya kore shi, ba abin da ya je nema. Na juya ga Mu'tasim.

"Kai ma fankar ce?"

"Na zaci tarko ne, Baba."

"Nuna mini tarkon."

Ya sunkuya kan allo. Ya taɓa wannan, ya taɓa wancan. Ya sosa ƙeya.

"Yanzu dai ban gan shi ba."

"Ci gaba," na ce wa Hosea.

A taku na sha tara Hosea ya bar giwar nan a bakin soja, ya tura wani soja can gefe, takun da ko akuya ba za ta yi ba. Mu'tasim ya sake ƙin ci. Ya ɗauko soronsa ya ajiye inda dokin Hosea zai lashe shi a banza. Hosea ya ja dokin baya. Dokin da ya yi taku biyar kafin ya kafa shi, ya mayar da shi gida kamar an aiko kiransa. Mu'tasim ya buɗe wa sarkinsa ƙofa. Hosea ya kau da kai. Hosea ya saki soja biyu. Mu'tasim ya bi ta gefensu ya wuce.

Na daina tambaya. Ina tura 'ya'yan ne kawai. Ka san baƙi a kan akushi idan saura tsokar nama ɗaya, wannan ya tura wa wancan, wancan ya turo masa, har miya ta huce. Abin da ke kan allona ke nan. Taku takwas ana haka. An taɓa kawo mini wata durowa gyara, waje fenti sai sheƙi, na sa yatsa ya nutse, gara ta gama da cikin. Ranar ban ji ƙyama kamar ta yau ba, don gara ba ta san abin da take yi ba.

"Ashirin da shida," in ji Hosea. Da ƙyar na ji shi. "Sarauniya zuwa g takwas."

Na ɗauki sarauniyar na manna ta jikin sarkin Mu'tasim a kusurwa. Na tsaya ina kallo. Ta tare sarki. Sojojinsa biyu sun toshe masa gaba. Ba wurin gudu, ba abin sa wa tsakani. Doka ba ta bar masa komai ba sai ya ci ta.

"Sai ya ci," Hosea ya ce. "Sai na miƙa hannu na sallama."

"Nan take?"

"Nan take."

"Kafin ya sami zarafin mayar maka."



Na koma kan benci na zauna, don ƙafar ta fara zugi. A wasan nan duka, takun da ya fi kowanne hikima shi ne wanda aka yi don a faɗi. Yaron ya zauna ya yi lissafi mai zurfi, ya gano hanyar da za a tilasta wa mutum karɓar kyauta. Kan da na yi shekara goma ina wasawa ke nan.

Ga abin da na sani, kowa ma ya sani. A shekarar da 'yan ta'adda suka shiga Michika, Hosea ya zo Yola da ƙafa, shi da mahaifiyarsa Hadassah. Ubansa a hanya ya ɓace, har yau. Alhaji Abdurra'uf, mahaifin Mu'tasim, mai sayar da hatsi a Jambutu, ya buɗe musu gida tare da wasu da dama. Shekara uku Hosea da Mu'tasim suna kwana ɗaki ɗaya. Mu'tasim ne ya fara kawo shi shagona, lokacin ko magana ba ya yi. Na sa masa allo a gaba. Cikin wata shida ya wuce wanda ya kawo shi.

"Wa ya sa ka?" na tambayi Hosea.

"Ba kowa, Baba."

"A shagona kake."

Ya naɗe takardar, ya warware ta. "Ranar Juma'a Mama ta ji ni da Mu'tasim ne za mu kara. Ta ce hannun da ya ci tuwon gidan Alhaji shekara uku ba zai kunyata ɗan Alhaji a gaban mutane ba. Ta ce in na ci shi, in nemi inda zan riƙa cin abinci."

"Kai fa?"

Mu'tasim yana kallon silifas ɗinsa. "Alhaji ne. Ya ce kai kana da shago, shi Hosea yana gasa bayansa a keke. Ya ce baƙonmu ne. Na ce Alhaji, shekara bakwai fa da tashinsu. Ya ce baƙo ba ya tsufa."

"Wato tsofaffi biyu da ba su san inda doki ke takawa ba, su ne suka yi wasan nan."

Jibrilla ya tafa hannu a hankali. Idonsa har ya kawo ruwa.

"Bappa, wallahi wannan abin a yaba ne. Mu a wajenmu wannan shi ne pulaku, kunya da kara. A wannan zamanin, bayan duk abin da aka gani, a ce Musulmi da Kirista kowa yana—"

"Rufe mini baki."

Ya rufe.

"So kake ka kai gidan rediyo. Kara a kan akushi ake yin ta. A bakin ƙofa ake yin ta. A kan allo sunanta ƙarya. Kuma kun rubuta ta da biro, kun sa hannu, kun kawo mini in buga mata hatimi." Na nuna Hosea. "Kai, ka san abin da ka gaya wa abokinka ranar Asabar? Ka ce masa ba zai iya cin ka ba sai ka ba shi."

"Ba haka nake nufi ba, Baba."

"Haka ka taka." Na nuna Mu'tasim. "Kai kuma ka ce masa shi almajirin gidanku ne har gobe."

Mu'tasim ya ɗago. Kunnensa ya yi zafi, na gani.

"Ni dai da gaske aka yi, da na ci shi. Matsayina ya fi nasa a taku na sha bakwai."

Hosea ya dube shi a karon farko tun shigowarsu. "Wane matsayi? Kana maƙure kamar kaza a kwando."

"Sorayena biyu fa?"

"Suna gadin me? Sau nawa ka ci ni bana?"

"Biyu."

"Ɗaya. Ɗayan ina da zazzaɓi."

"Kullum in aka ci ka zazzaɓi ne ko fanka."

Na bar su suka ɗan yi. Sannan na mayar da 'ya'yan inda suke a taku na sha bakwai, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da na nemi a karanta mini ba.

"Wannan takarda ba wasa ba ce, ba zan buga mata komai ba. Daga nan za ku ɗora. Yanzu, a gabana. Rabin awa kowa. Jibrilla zai rubuta. Kuma ku ji da kyau. Duk wanda na ga ya yi takun da ba zai iya kare shi ba, ba shi kaɗai zai rasa ba. Ku biyun kun rasa. Sunan Jibrilla zan tura."

Jibrilla ya gyara zaman hularsa.

"Jibrilla?" in ji Mu'tasim. "Wanda har yanzu da yatsa yake ƙirga takun doki?"

"Ina jin ku fa," in ji Jibrilla.

"Baba, za a yi mana dariya a Abuja," in ji Hosea.

"Da wannan takardar taku kuka za a yi?"

Na ɗauko agogon wasa daga cikin akwatin kayan aiki, na hure ƙura, na ajiye. Suka ja kujeru. Rana ta take tsaka, kwanon shago yana ƙara don zafi. Ba fanka, ban taɓa sa ta ba. Na danna wa Hosea agogo.

Ya yi minti bakwai bai motsa ba. Sannan ya ɗauki dokin nan nasa na tsakiya ya ci soja a gaban sarkin Mu'tasim, ya ajiye shi inda soro zai ci shi.

Jini ya hau mini kai. Doki sukutum a kan soja ɗaya. Na dafa tebur zan tashi in watsar da allon.

"Baba, bari," in ji Mu'tasim. Bai ɗago ba. Gumi yana bin hancinsa. "Wannan ba kyauta ba ce."

Na sake duba. In ya ci dokin, layi ya buɗe wa sarauniya. In bai ci ba, soro ya tafi. Na koma na zauna. Na riga su gani ko sun riga ni, wannan ba ruwan kowa.

Mu'tasim ya ci dokin, don ba yadda zai yi. Daga nan aka yi wasa. Ya kare kansa fiye da yadda na zata. Ya jawo sarkinsa ta tsakiya, ya mayar da giwa ɗaya don ya sami numfashi, har a wani wuri ya kusa kama soron Hosea. Suna buga agogo kamar masu faɗa da shi. Wani mai son a gyara masa ƙafar kujera ya leƙo, na ce ya dawo gobe. Jibrilla yana rubutu yana share wuya da hankici. Sau biyu ya ɓata lamba, Hosea ya gyara masa ba tare da ya dube shi ba.

A taku na talatin da ɗaya magana ta ƙare. Sarkin Mu'tasim yana gefe, ba mataimaki kusa. Soro ya sauka, sarauniya ta biyo, shi ke nan. Taku biyu. Ko Jibrilla ya gani, don ya ajiye biro.

Hosea bai taka ba.

Saura masa minti huɗu. Ya sa hannayensa tsakanin gwiwoyi yana kallon soron. Minti uku. In agogonsa ya cika, ya faɗi, kuma ba wanda zai nuna takun banza a takarda. Na gane dabarar. Raina ya sake ɓaci.

"Jibrilla," na ce, "kana da jakar tafiya?"

"Akwai ta madam, Bappa."

Minti biyu. Mu'tasim ya kai hannu zai kwantar da sarkinsa, alamar ya sallama. Na buge hannun da sandar awo da ke kusa da ni.

"Bar shi a tsaye. Ba kai za ka yi masa aikin ba."

Mu'tasim ya murza bayan hannunsa. Ya dubi Hosea.

"Taka mana, ɗan Michika. Ko sai na riƙe maka hannu kamar ranar da na koya maka?"

"Kai ka koya mini?"

"Wa ya nuna maka doki ba ya tafiya miƙe?"

"Mama za ta—"

"Mama ba ta nan. Ni ne a nan, kuma ka ci ni. Kana ɓata mini lokaci, na bar wayoyin mutane a shago."

Saura ƙasa da minti ɗaya Hosea ya ɗauki soron. Ya ture wani soja, ya tsaya ya tayar da shi. Ya sauke soron. Mu'tasim ya matsar da sarki zuwa gida ɗayan da ya rage masa. Hosea ya kawo sarauniya.

Na karɓi sabuwar takardar daga hannun Jibrilla, na sa su biyun suka sa hannu. Na ɗauko hatimi na buga.

"Sunan Hosea," na ce. "Ka tura kafin ka tsaya cin abinci."

"To, Bappa. Ta Asabar ɗin fa, a sa ta a fayil?"

"In kana son jikokinka su gani."

Ya ninke ta ya cusa a aljihu. Ya hau mashin ɗinsa ya tafi.

Hosea bai tashi ba. Yana zaune kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Baba, me zan gaya wa Mama?"

"Ka ce ni na sa ka. Ta san shagona."

"Za ta zo fa."

"Ta zo. Akwai benci."

Mu'tasim ya miƙe yana karkaɗe garin katako daga wandonsa. "Tashi ka kai ni Jambutu. Kai ka shiga wajen Alhaji, ni in shiga wajen Mama. Duk wanda ya fito da rai ya jira ɗan'uwansa a bakin titi."

"Alhaji ba zai yi faɗa ba?"

"Da kai? Ni ne dai zan sha. Zai ce me ya sa na wahalar da baƙo har taku talatin."

Suka nufi keken. Na kira Hosea, ya dawo bakin ƙofa.

"A taku na ashirin da huɗu akwai hanyar da ta fi wannan. Ka ɓata taku bakwai a banza. A Abuja ba wanda ya kwana ɗaki ɗaya da kai, ba wanda zai jira ka. Gobe ƙarfe bakwai ka zo, kafin ka fara ɗaukar fasinja."

"To, Baba. Na gode."

"Ban ce ka yi kyau ba. Tafi."